Tambaya da Amsa: Yawo da keke a hanyoyin burji na tsaunukan Alps, inda mota ba ta damunka

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce na ce na yi kwana uku ina yawo da keke a tsaunukan Alps ban haɗu da mota ko goma ba, saƙonni suka yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, yawanci daga 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata mazauna Italiya da Jamus da Ostiriya. Na tsamo wasu, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri, fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya daga wani ɗalibi a Turin: Salam Malam, dan Allah inaso in fara hawa dutse da keke amma wallahi tsoron motocin nan nake da 'yan babur, rannan na gwada wata hanyar kwalta saura ƙiris wata ƙatuwar motar masu yawon buɗe ido ta goge ni a kwana. Wai da gaske akwai hanyar da babu mota sam? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Akwai su mana, har sun fi ƙarfin lokacinka. Amma kafin in jero maka sunaye bari in baka abin da ni ya ɗauke ni shekaru kafin in gane, duk hanyar tsakuwa da ka gani a taswira to ka fara tambayar kanka waye ya gina ta kuma don me. Amsar nan kaɗai zata gaya maka irin wuyar da cinyoyinka zasu sha. In tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan aka mayar hanyar keke to ka huta, jirgin ƙasa baya iya hawa mai tsini, dole aka shimfiɗa masa hanya a kwance. In sojoji ne suka gina, to alfadarai da igwa aka yi wa, hawan baya da tsini sosai amma baya ƙarewa, kuma can sama yake kai ka inda ko bishiya babu. In kuma ta masu sarar katako ce ko makiyayan da ke kai shanu tudu da bazara, to nan fa babu tausayi, tarakta aka yi wa, duk inda ya fi kusa nan take miƙewa, sannan tana da mai ita, zamu zo kan wannan a ƙasa.

Kai da kake Turin ai a bakin taska kake zaune, domin yankin Piemonte cike yake da hanyoyin soja na kan iyakar Faransa. Wadda ta fi suna ita ce Strada dell'Assietta, kilomita talatin da 'yan kai a kan gadon bayan dutse tsakanin kwarin Susa da kwarin Chisone, tana ƙarewa a Sestriere, kuma kusan dukanta tana sama da mita 2,000. A nan wajen aka gwabza yaƙi a 1747 tsakanin sojojin Faransa da na Piemonte, har yau akwai dutsen tunawa a can sama. Sai dai kar in ruɗe ka, ba kullum take babu mota ba, masu jif da babura suna sonta kamar yadda muke sonta, kuma in suka wuce ka ƙura zaka sha ka ƙoshi. Abin da hukuma ta saba yi shi ne a watannin Yuli da Agusta a rufe ta ga duk wani abu mai inji ranakun Laraba da Asabar da rana. Waɗannan ranakun zaka nufa. Haka ma Alta Via del Sale can kudu, daga Limone Piemonte zuwa Monesi, tana ratsa iyakar Italiya da Faransa tana shiga tana fita, ita kuma Talata da Alhamis ne na masu keke da masu tafiya a ƙafa. Kowace shekara ake fitar da sanarwar ranakun, ka duba kafin ka yanki tikitin jirgi.

Yanzu ga inda zan ja maka kunne. Kowa zai ce maka ka hau Assietta ta mashigar dutse ta Colle delle Finestre saboda suna, to suna kam tana da shi, gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta fara bi ta nan a 2005, a nan Chris Froome ya ɓalle a 2018 ana saura kilomita 80 a gama ya tafi shi kaɗai ya ƙwace gasar, ranar Simon Yates ya zubar da rigar jagora, sai gashi a 2025 shi Yates ɗin ya dawo kan wannan hawan dai ya ci gasar. Labari mai daɗi. Amma daga Susa kilomita 18 da rabi ne, matsakaicin tsininta kashi 9 cikin ɗari, kana hawa mita wajen 1,700 kafin ka kai mashigar da ke mita 2,178, kuma takwas na ƙarshe tsakuwa ce. Wanda ya fara jiya ba nan zai je ba, in ka je zaka tsani keke ka sayar. Ka fara da hanyoyin bakin kogi da ƙananan tuddai na wata biyu, sannan ranar da zaka Assietta karon farko ka fara daga ɓangaren Sestriere inda dama kana sama da mita 2,000, kayi iya abin da zaka iya ka juyo.

Tambaya daga wata uwa a Bolzano: Malam ni da maigida da yara biyu ne, babban shekara 11 ƙaramar 8, muna so mu fita hutun bazara amma banda wahala dan Allah, ni rabona da keke tun ina yarinya.

Amsa: Hajiya ai ke layin dogo ne naki. Akwai tsohon layin jirgin Dolomiti da ya taso daga Dobbiaco, wanda masu jin Jamusanci ke kira Toblach, ya bi ta Cortina d'Ampezzo ya sauka Calalzo di Cadore, kilomita wajen 65 gaba ɗaya, an daina aiki da shi gaba ɗaya a 1964 daga baya aka mayar da shi hanyar keke. Daga Dobbiaco zuwa Cortina wajen kilomita 30 ne kuma yawancinsa tsakuwa ce mai laushi, ana hawa a hankali har Cimabanche a mita 1,530, wato abin da zaku hau duka wajen mita 300 ne kawai, daga nan kuma gangara ce har cikin gari. A hanya zaku wuce tafkin Dobbiaco da na Landro, kuma dab da Landro akwai inda in kika kalli gabas zaki hango kawunan Tre Cime guda ukun nan da ake sawa a kalanda. Kusa da Cortina akwai ramukan jirgi da gada a kan wani kwazazzabo mai zurfi, yara suna haukacewa a kansu, ki dai riƙe ƙaramar kusa. Gaskiyar da ba a faɗa a hotuna ita ce a wasu wuraren hanyar tana tafiya gefen babban titi, zaki ji ƙarar motoci, akwai ma inda ake tsallaka shi, a nan kowa ya sauka ya tura.

In kuma kinga kilomita 30 da ɗan hawa zai yi wa 'yar shekara 8 yawa, kuma ni ina ganin zai iya yi, to ku je San Candido nan kusa ku bi kogin Drava zuwa Lienz a Ostiriya, kilomita 44 kusan duk gangara, ku dawo a jirgin ƙasa da kekunanku. Ita kwalta ce ba tsakuwa ba, kuma a Agusta cunkoso ne kamar ranar kasuwa, ku fita da sassafe. Kuma tunda iyaka zaku tsallaka ku riƙe takardunku.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Innsbruck: Malam wani abu ya faru da ni da ya ɓata min rai. Na bi wata faffaɗar hanyar daji, babu mota babu kowa, sai ga wani dattijo da jif ya tare ni yana ta faɗa yana nuna min wani allo wai zai kira 'yan sanda. Ni banga laifin da nayi ba, masu tafiya a ƙafa suna ta wucewa bai ce musu komai ba. Ko dai don yaga baƙar fata ne?

Amsa: Ɗan uwa ban san zuciyar dattijon ba, kuma ba zan ce maka irin wannan baya faruwa ba. Amma a wannan maganar doka tana bayansa, kuma 'yan ƙasar ma haka ake tare su kullum, rigima ce da ta daɗe. Dokar gandun daji ta Ostiriya ta 1975 ta bai wa kowa izinin shiga daji da ƙafa don shaƙatawa, amma hawa keke a hanyar daji sai da yardar mai wurin ko mai kula da hanyar. Kaga kenan rashin mota ba shi ne izini ba, a Ostiriya ma sau da yawa akasin haka ne, shingen da ya hana mota shi ya hana ka. Akwai tara, kuma mai filin na iya kai ka kotu daban.

Sa'ar da kayi ita ce a jihar Tirol kake. Tun 1997 suka ɓullo da tsari, ana ƙulla yarjejeniya da masu filaye a biya su wani abu a kuma ɗauke musu fargabar inshora, su kuma su buɗe hanya, shi yasa zaka ga alluna masu hoton keke da lamba da launi, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai wuya. Waɗannan zaka bi, kuma kar ka yarda da manhajar waya ido rufe, manhaja tana nuna maka inda wani ya taɓa bi ne kawai, bata san ko an kama shi ba.

Ka hau jirgi zuwa Scharnitz, ƙofar tsaunukan Karwendel, layin da ke zuwa Mittenwald da Garmisch ne, don haka 'yan Munich ma wannan naku ne. Daga nan kwarin Hinterau yana kai ka har mafarin kogin Isar, shi wannan kogin da ya ratsa tsakiyar Munich, ruwan garai-garai mai launin shuɗi-kore, hawan kuma ba wani abu bane in ka wuce tudun farko. In ƙafa tayi ƙwari sai ka bi kwarin Karwendel zuwa masaukin Karwendelhaus a mita 1,771, kilomita wajen 18, lafiya lau kake tafiya kana waƙa sai a ƙarshe hanya ta miƙe tsaye ta fara kwana-kwana, nan zaka tuna abin da na ce kan masu tarakta.

Kuma kowace ƙasa da nata. A Bavariya ta Jamus kundin tsarin mulkin jihar ma ya ba mutane haƙƙin shiga daji da tsauni, keke na bin duk hanyar da ta dace da shi. A Suwizalan kowace jiha da ra'ayinta, Graubünden ta fi kowa sakin hannu, amma a cikinta ɗin akwai gandun ƙasa da aka kafa a 1914 inda keke baya shiga sam. A gefensa akwai kwarin Val Mora, daga tafkunan Cancano na saman Bormio a Italiya ka ratsa ka haura mashigar Döss Radond a mita 2,234 ka gangara kwarin Val Müstair, ni dai ban taɓa bin wuri mai shiru kamarsa ba, ko da yake akwai 'yar siririyar hanya a gefen kogi da mai keken girabul, wato keken bin tsakuwa, gara ya sauka ya tura ba kunya.

Tambaya daga wani matashi a Munich: Dole sai na sayi keken girabul ne? Naga kuɗinsu ba wasa.

Amsa: Ba dole bane. Keken girabul ai keken tsere ne da aka ba shi taya mai faɗi da birkin faifai, in kana da keken dutse ko na zuwa aiki mai taya mai kauri to layin dogo da kwaruruka duk zaka bi. Abu uku ne ke da muhimmanci, kuma ba sunan kamfani a ciki. Taya, milimita 40 zuwa 45, in da hali mara tib mai ruwan faci a ciki, kuma kar ka bunƙara mata iska kamar ta kwalta, in tayi tauri keke tsalle zai dinga yi a kan duwatsu hannunka ya mutu. Sai giya, wannan ita mutane ke rainawa, ka tabbata faifan baya mafi girma ya kai na gaba ko ya fi shi, misali haƙora 40 a gaba 42 ko 44 a baya, domin a tsakuwa in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya sulɓewa take, dole a zaune zaka hau. Sai birki. Gangarar mita 1,500 ba wasa bace, in ka riƙe birki ka ƙi saki faifan birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, ka matsa da ƙarfi kafin kwana ka saki, ka tsaya lokaci-lokaci ya huce, kuma kar ka taɓa shi da yatsa don ka ji ko yayi zafi, na gwada, yayi. Ka riƙe takalman birki na canji da tib ɗaya ko biyu da famfo da mahaɗin sarƙa. Hular kwano kuma bama sai na faɗa ba.

Tambaya daga wata ɗaliba a Milan: Yaya, hutuna a farkon Yuni yake, zan iya zuwa can saman?

Amsa: Ƙanwata kwari eh, can sama kuma sai an yi sa'a. Ni na taɓa yin wannan gangancin, satin farko na Yuni, a ƙasa ana zufa mutane na shan askirim, na haura lafiya ta gefen da rana ke bugawa, ina juyawa ɗaya gefen na arewa sai ga dusar ƙanƙara ta rufe hanya har gwiwa, awa biyu ina jan keke takalmi ya jiƙe sharkaf yatsuna ban jin su, kuma babu sabis a waya balle in kira wani. Hanyoyin da suka haura mita 2,000 lokacinsu daga ƙarshen Yuni ne zuwa Satumba, ni Satumba na fi so, mutane sun ragu sama kuma tayi tas.

Ko a tsakiyar bazara ki riƙe wannan lissafin, duk mita 1,000 da kika hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Susa tana wajen mita 500, saman Assietta ya haura 2,500, bambancin digiri 13 kenan tun kafin iska ta buso kina jiƙe da gumi. Rigar ruwa da safar hannu a jaka kullum. Sannan hadarin can da rana yake haɗuwa, safiya garau, ƙarfe biyu ko uku sai tsawa, kuma gadon bayan dutse shi ne wuri mafi muni da tsawa zata same ki. Ki fita da asuba ki sauko da wuri. Ki sauke taswira a waya tun a gida. Lambar gaggawa 112 ce ko'ina, a Ostiriya masu ceton dutse 140, a Suwizalan jirgin ceto na Rega 1414. Ki kuma binciki inshorarki, domin jirgi mai saukar ungulu in ya ɗauko mutum daga dutse kuɗin na iya kai dubban yuro, kuma inshorar lafiya ta yau da kullum ba lallai ta biya ba, shi yasa da yawa ke shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta Ostiriya ko ta Jamus, katin ɗan ƙungiya na zuwa da inshorar ceto da ragin kuɗin kwana a masaukansu. In zaki kwana a masaukin dutse ki kama wuri tun da wuri ki tafi da tsabar kuɗi, ba duka ke karɓar kati ba. Wajen abinci kuma ki tambaya, speck ɗin da suke yankawa cikin kusan komai a Tirol naman alade ne, cuku da polenta, wato tuwon masara, da Kaiserschmarrn, wani irin fanke mai zaƙi, sun ishe ki.

Tambaya daga wani bawan Allah da bai faɗi inda yake ba: Malam kar ka min dariya, shanun nan masu ƙararrawa da karnuka fa?

Amsa: Babu dariya a nan. A 2014 a kwarin Pinnis na Tirol shanu sun kashe wata Bajamushiya da ke tafiya da karenta, shari'ar ta ɗauki shekaru, a ƙarshe kotu ta raba laifin tsakanin mai shanun da marigayiyar. Saniya mai ɗan maraƙi ita ce abin tsoro, kar ka ratsa tsakaninsu kar ka tsaya hoto, ka rage gudu ka zagaya nesa, in sun kwanta a hanya ka sauka ka tura a hankali. A ɓangaren Faransa da Piemonte kuma fararen karnukan nan ne manya masu gadin tumaki saboda kyarkeci ya dawo yankin, Faransawa na ce musu patou. Gudu da keke shi ke tunzura su, ka tsaya ka sauka, keke a tsakaninka da shi, kar ka zuba masa ido kar ka ɗaga sanda, ka yi masa magana a hankali, zai shinshina ya gane kai ba ɓarawon tunkiya bane ya koma. Duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe. Kuma a gangara ka lura da siririyar wayar lantarki da suke ja a tsallaken hanya, wani lokacin ba a ganinta sai an zo dab.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo a Salzburg: Shekarata 62, ɗana ya saya min keke mai batir amma abokan aikina na tsokanata wai ha'inci ne.

Amsa: Baba rabu da su, a hanyar Karwendelhaus rabin waɗanda zasu wuce su a kan mai batir suke. In dai irin wanda sai ka taka yake taimaka maka ne, injin wat 250 da ke yankewa a kilomita 25 cikin awa, to a dokar Tarayyar Turai keke ne kamar kowane, duk inda allo ya ce keke ya bi kai ma ka bi. Abin da zan roƙe ka kawai, batir na kai mutum inda gwanintarsa bata kai ba, hawa zai zo maka da sauƙi amma saukowa da keke mai nauyin kilo 25 a kan tsakuwa aikin hannunka ne kai kaɗai. Ka fara da kwarin Hinterau ko kwarin Val Roseg na Pontresina a Suwizalan, kilomita 7 ne kawai kuma keken doki ne abokin tafiyarka, ka koyi birki a nan tukuna. Sanyi da hawa suna shan caji fiye da yadda allon ke nuna maka a ƙasa, in ya kai rabi ka juyo gida.